Kaya a Kafaɗa

Shafi na 17

Sallama gare ku mutanena. Na ga sharhinku na jiya, har da masu cewa na cika jan rai. Ni dai hannu biyu gare ni, kuma ɗaya yana riƙe da ludayi. Ke kuma da kika rubuto cewa Zakiyya girman kai ne ke damunta, zauna ki karanta na yau tukuna, sai mu yi magana.

*

Zakiyya ba ta taɓa baro shago kafin la'asar ba sai ranar Alhamis ɗin nan. Ta ce wa madam mai shagon kanta ke ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Tun daga shagon a Jabi har gida Masaka, duk cunkoson nan na Nyanya da Mararaba, wayarta na kife a cinyarta, ta ɗora hannu a kai ta danne.

Rita ce ta jawo komai, abokiyar aikinta a shagon labule. Suna zaune babu ciniki ta karɓi wayar, tana tsokanarta da tulin mutanen da ke jira ta amsa musu rikwes na abota a Fesbuk.

Kowa dai ya san Zakiyya da dokarta. Tun da aka taɓa sace hotonta aka buɗe shafi da sunanta, in ba ta san ka ido da ido ba, ko kuma babu wani nata da ya san ka, to ka haƙura. Ban ga laifinta ba, ni ma haka nake. Inda ta fita daban shi ne ba ta gogewa. Gani take goge mutum wulaƙanci ne, sai ta bar ka nan tsaye, ba shigo ba kuma tafi.

To Ritar ce ta nuna mata wani lungu a cikin wayar inda saƙonnin baƙi ke taruwa, wanda ita ba ta ma san da zamansa ba. Yawanci shirmen samari ne, masu gaisuwa da turancin da bai nuna ba. Sai ɗaya, saƙon murya, daga wani shafi mai suna Joy Jonah Yamusa. Shafin a kulle yake, ba fuska, sai hoton tulin doya. Zakiyya ta saurara sau ɗaya ta ɗauki jakarta.

Tana tura ƙofar gida ta ci karo da mahaifiyarta, Mama Larai, ta fito daga madafi da ƙaton kwanon soyayyar gyaɗa. Ba a ka ta ɗauko shi ba. A kafaɗar hagu yake, ta tallafe da tafin hannu, ta ɗan karkata wuya, kamar yadda take yi tun Zakiyya na goye.

Yau ne karon farko da Zakiyya ta tsaya ta kalli abin da kyau.

"Lafiya kika dawo da rana tsaka?" in ji Mama.

"Lafiya lau."

"Korarki aka yi?"

"A'a, Mama."

"To cire mayafin ki zo ki taya ni murza. Masu ƙuli na jira na gobe."

Zakiyya ta jawo kujerar tsuguno. Suka fara murza gyaɗa suna hure ɓawo. Hannunta na aiki amma tsoro take ji, tsoron tambayar da ba ta san abin da za ta tono ba.

"Mama."

"Ina jin ki."

"Me ya sa ba kya ɗaukar kaya a ka?"

Mama ta yi dariya. "Yau kuma? Ciwon wuya mana. Sau nawa zan faɗa?"

"Ban taɓa jin kin ce wuyanki na ciwo ba sai in an yi wannan tambayar."

"Ke likita kika koma a shagon labulen?"

"Da maƙwabta ke tsokanarki suna ce miki Bagwariya, dariya kawai kike yi."

"To kuka zan yi?"

Zakiyya ta kakkaɓe hannunta a zani. Ta ɗauko wayar.

"Kin tuna bidiyon da na ɗauke ki kafin azumi? Kina tafe da kwano haka, ina tsokanarki kina dariya?"

"Wanda na ce kar ki sa wa duniya, kika sa."

"Mantuwa na yi ban taƙaita shi ga ƙawayena ba. Aka yi ta yaɗawa. Akwai wadda ta gani ta turo min saƙo. Ina so ki ji."

"Ni ina ruwana da mutanen waya?"

"Ki dai ji, don Allah."

Ta danna. Muryar wata yarinya ta fito, siririya, da Hausar nan ta gefen Gwagwalada, ana jin kukan zakara a bayanta.

"Anti, sannu, good afternoon. Sunana Joy, daga Paikon Kore. Please kar ki ji tsoro, ni ba ɗan damfara ba ne. Na ga bidiyo da kika sa, maman nan da ya ɗauki kwano a kafaɗa. Na nuna wa babana don mu yi dariya, na ce ga Hausa yana ɗaukan kaya irin namu na Gbagyi. Babana bai yi dariya ba. Ya ce wannan yayansa ne, Naomi. Mun kai wa Kaka. Idonsa ba ya gani sosai, amma da ya ji dariya a cikin bidiyo ya ce a sake sa. Muna ta sake sa har batir ya mutu. Kaka ba shi da lafiya, anti. In mun yi kuskure ki yi haƙuri. In ba kuskure ba ne, abeg ki karɓe ni."



Hannun Mama na cikin gyaɗa, bai motsa ba. Wata kazar maƙwabta ta shigo ta fara tsattsagar abin da ya zube, babu wanda ya kore ta.

"Sake sawa," in ji Mama.

Zakiyya ta sake.

Wannan karon Mama ta rufe ido. Da aka zo wurin batir leɓenta ya ɗan motsa, kamar za ta yi murmushi ta fasa.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Jonah ne da 'ya har ta iya magana haka."

Zakiyya ta ɗago ta dube ta.

"Mama, ba ta faɗi sunan babanta ba. Ni ma ban karanta miki ba."

Mama ta buɗe ido. Ba ta musa ba, ba ta kuma nemi hanyar zillewa ba. Ta zare hannunta daga kwanon ta ajiye a gwiwa.

"Ƙanena ne. Da na baro gida ko kunyar doya ɗaya bai iya ɗagawa ba."

"Naomi fa?"

"Ni ce. Larai sunan rana ne, Laraba aka haife ni. Naomi na coci ne. Ban ji shi a bakin mutum ba tun kafin a haifi yayanki Abdulhakim."

Wallahi jama'a, da ni ce Zakiyya ban san me zan fara cewa ba. Ita dai ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Amma ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa yi wa mahaifiyarta ba.

"Kin ce mana ba ki da kowa."

"Na faɗa."

"Kin ce iyayenki sun rasu kina ƙarama."

"Na faɗa."

"Duk hutu 'yan ajinmu na tafiya gidan kakanni na wajen uwa, ni ina cewa ba ni da su. Har kuka na taɓa yi miki, Mama. Kika ba ni ƙuli kika ce in yi shiru."

"Na tuna."

"Ashe suna nan Gwagwalada. Gwagwalada fa. Mota nawa ce daga nan?"

Mama ta sunkuyar da kai. "Yi faɗanki, kina da gaskiya. In kin gama sai in ba ki labari."

Zakiyya ta share ido da bakin mayafi. "Na gama."

Mama ta gyara zama ta soma.

"Babanki Manniru ci-rani ya zo garinmu. Shi da wasu samari daga can arewa, suna yi wa mutane kunyar doya a biya su. A gonar babana Yamusa ya yi aiki. Ni ke kai musu abinci."

"Saboda addini aka hana ku?"

"Ko kaɗan. Gidanmu akwai mai zuwa coci, akwai mai sallah, akwai mai bin na gargajiya, tukunya ɗaya muke ci. Ƙanen babana ma ladan ne. Abin da babana ya ce shi ne, ba zai ba da 'ya ga mutumin da ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a garin ba. Ya ce mai ci-rani ruwa na sauka yake tafiya, kuma in ya tafi da ni ba zan dawo ba."

"Sai kika ce me?"

"Na ce zan dawo." Mama ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Da bakina na faɗa, a gaban Iya."

"Iya ita ce Kakar da Joy ke faɗa?"

"Ita ce. Uwata."

Ta ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya tana juya ta a yatsa.

"Ranar kasuwa na fito da kaya a kafaɗa kamar mai zuwa talla. Doya ce a sama, tufafina a ƙasa. Iya na bakin rumbu ta bi ni da kallo. Ina jin ta gane, don ba ta ce in sayo mata komai ba. A garin su babanki aka ɗaura mana aure, limaminsu ya tsaya min. Niyyata in na haihu in goyo ɗan in je, kin san jika na sanyaya zuciya. Ina da tsohon ciki wani ɗan ci-rani ya dawo da labari, wai Yamusa ya faɗi a gona bai tashi ba."

"Innalillahi."

"Na ce ni ce. Baƙin cikina ne. Babu wanda ya faɗa min haka, ni na faɗa wa kaina. Shekarar ta wuce na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce da wane ido. Daga nan sai abin ya yi nauyi, ya fi sauƙi in ce muku sun mutu."

"Baba ya sani duk?"

"Babanki ya yi fama da ni har ya gaji. Da muka dawo Masaka ya taɓa lallaɓa ni muka hau mota. Muna isa Gwagwalada na ga mata sun jero da itace a kafaɗa, na ce wa direba ya tsaya. Na tsallaka titi na hau ta komawa. Bai sake yi min maganar ba, bawan Allah."

Sai a lokacin wasu abubuwa suka fara haɗuwa a kan Zakiyya. Mama na zuwa ko'ina a kasuwar Masaka, amma ban da layin masu doya. Kullum ita ake aika, a ce ta zaɓo mai santsin baya, kar ta yarda da mai gashi da yawa. Ta sha mamakin yadda matar da ba ta zuwa wurin doya ta san doya haka.

"Kin canza komai," in ji Zakiyya. "Harshe, sutura, suna. Me ya hana ki canza wannan?" Ta nuna kafaɗarta.

"Na gwada. A garin su babanki mata suka yi min gammo suka ɗora min tulu a ka. Ban kai bakin ƙofa ba na sauke, ji na yi kamar na zagi Iya. A wurinmu kai yana da girma. Shi ke ɗauke da tunanin mutum, ba a ƙara masa wani nauyin. Tun ina 'yar mitsitsiya ta koya min." Ta shafa kafaɗar. "Shi kaɗai na taho da shi."

Fushin Zakiyya ya sauka, tausayi ya maye gurbinsa. Ta matso da kujerarta har gwiwarsu ta haɗu.

Can Mama ta ɗago.

"Yaushe yarinyar ta aiko?"

Tambayar da Zakiyya ke gudu ke nan tun daga Jabi.

"An ɗan jima."

"Jiya? Shekaranjiya?"

"Farkon damina."

Mama ta dubi sama. Ruwa ya ɗauke tuni, sabuwar doya har ta fara araha a kasuwa.

"Duk tsawon nan tana jira?"

"Ban san da saƙon ba, wallahi, sai yau. Rikwes ɗin kawai nake gani. Ba fuska, ba wanda muka sani tare, sai doya. Mama, irin waɗannan ne ke sace hoton mutum. Kin manta abin da aka yi min?"

"Ban manta ba. Ban kuma ce ki buɗe wa kowa ƙofa ba." Muryar Mama a kwance take, babu faɗa a ciki. "Amma a gidan nan in an yi sallama, ko ba ki san murya ba, me kike yi?"

"Ina leƙawa."

"Ki ce wa?"

"In ce wane ne, wa ake nema."

"To. In mutumin banza ne ki rufe ƙofarki, ya san an sallame shi ya kama gabansa. In mai uzuri ne ki ji uzurinsa. Amma ki ji sallama ki yi shiru, ba ki ce shigo ba, ba ki ce tafi ba, wannan ba kunya ba ce, Zakiyya. Shi na waje bai san ko akwai mutum a gidan ba."

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta sosai, don layi ɗaya ya isa, daga ina kika san ni, shi ke nan.

"Ki yafe min."

"Wa zai yafe wa wa?" Mama ta girgiza kai. "Ke damina ɗaya kika bar su a bakin ƙofa. Ni fa?"

Aka kira la'asar a masallacin layi. Babu wadda ta tashi.

"Ta sake aiko wani?" in ji Mama.

"Ɗaya, a rubuce, watan jiya. Anti please. Shi ke nan. Daga nan ba ta ƙara ba."

"Ta gaji."

"Rita ta ce kafin in karɓa in tambaye ta wani abu da 'yan gida kaɗai suka sani. Ko da damfara ce."

"Ritar nan tana da hankali. Amma duk Masaka wa ya san Naomi in ba babanki ba? Kuma wane ɗan damfara ne zai zauna yana sake sa dariyar tsohuwa har batir ya mutu?" Mama ta yi murmushi, na gaske wannan karon, hawaye na gangarowa ta gefen hanci. "Halin Iya ne. In abu ya yi mata daɗi ba ta gajiya da shi."

Ta miƙe zaune sosai, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Wani ƙarfi ya zo mata da Zakiyya ba ta saba gani ba.

"Asabar ba kya zuwa shago, ko?"

"Ba na zuwa."

"Jibi ke nan. Za mu je. In babanki ya dawo daga aiki a Jabi zan faɗa masa, zai yi murna. Ki kira Abdulhakim shi ma. Man gyaɗar da zan matsa gobe ba na sayarwa ba ne, na Iya ne. Ƙulin kuma kar a sa barkono da yawa, ba ta so. A daka wani ya yi laushi, na san yanzu babu haƙora."

"In kin ga Gwagwalada kin ce a tsaya fa?"

"Ki riƙe min zani. Ko na yi kuka kar ki saki."

Zakiyya ta yi dariya cikin hawaye. Ta buɗe wurin rikwes ɗin, ta gangara ƙasa, ta wuce tarin fuskoki har ta iso kan tulin doya.

"In karɓa?"

"Kawo. Ina ake taɓawa?"

"Nan, mai shuɗin."

Mama ta goge yatsanta a zani, ta sake gogewa, don duk mai ne. Ta yi bisimilla ta taɓa.

Netwok ɗin Masaka kun san halinsa. Abin ya yi ta juyawa, su biyu sun haɗa kai suna kallo. Sai shafin Joy ya buɗe, duk abin da yake kulle ya bayyana.

Hoto na farko wata tsohuwa ce a kan farar kujerar roba, cikin shuɗin zani, ta ɗan karkata wuya gefen hagu. An zagaye hoton da furanni.

Mama ta karɓe wayar da hannu biyu. Ta kai ta kusa da fuska, ta nisanta, ta sake kusantowa, don idonta ba ya son ƙananan abubuwa kuma boko ba ta yi ba.

"Iya," ta ce. "Iya ce. Dubi goshinta, irin naki. Ta tsufa, amma wallahi tana nan da kyanta."

Zakiyya ba goshin take kallo ba. Idonta na ƙasan hoton, inda aka rubuta Mama Justina Yamusa da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashin sunan akwai shekaru biyu, da ɗan layi a tsakaninsu, ta biyun ita ce bana. A ƙasa kuma an sa ranar da za a kai ta makwancinta a Paikon Kore. Asabar ce, jibi.

Mama na shafa fuskar da babban yatsa, tana murmushi.

"Har da furanni suka sa mata. Jonah ya kyauta." Ta miƙo wayar. "Karanta min, Zakiyya. Bikin me ake yi mata?"